Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Ni na riga injinsu ji.
Shekara arba'in da ɗaya kunnena na kwana a ƙirjin Anacleto,
na san takun zuciyarsa kamar yadda ya san layin taragonsa
daga tsakiyar Porto har inda kogin Douro ke faɗawa teku.
Wani dare na ji ta yi tuntuɓe,
ta ruga, ta tsaya, ta sake rugawa,
kamar kifin da aka juye a kwando.
Na ce, tashi.
Ya ce, Benvinda, kwanta, miyar wake ce.

Ba miyar wake ba ce.

Likita Meireles, sa'ar 'yarmu ta biyu,
ta zana zuciya a bayan ambulan.
Ɗaki huɗu, in ji ta, lantarki ke kai saƙo tsakaninsu,
na mijinki ya ɓata hanya, yana ta zagaye wuri guda.
Ya yi dariya: ai na sani,
tarago in sandarsa ta kuɓuce wa waya
sai tartsatsi, ba gaba ba baya.

Ta fito da takarda shafi goma sha ɗaya.
Bincike ne: mutum ɗari shida, asibiti tara.
Rabi za a zura musu siririyar waya ta jijiyar cinya
har cikin zuciya, a ƙone inda fitinar ke tashi,
rabi su ci gaba da ƙwaya.
Kowa kuma a dasa masa ɗan mai gadi a ƙarƙashin fata.
Na ce, wanne ya fi?
Ta ce, da na sani da ban roƙe ku ba.
Ban taɓa jin haka a bakin likita ba,
shi ya sa na miƙa masa biro.

Kwamfuta ce ta jefa ƙuri'a.
Ta faɗa kan wuta.

Awa uku da 'yan kai ina kan benci,
ina shinshina tafin hannuna,
har yau da ƙarnin kifin gwangwanin da na yi shekara talatin ina jerawa.
Kusa da ni wani dattijo, Evaristo,
matarsa ƙwaya ta faɗo mata.
Ya dube ni da kishi, na dube shi da kishi,
muka raba lemo ɗaya.

An fito da shi yana ƙorafin yunwa.
A takarda ba Anacleto ba ne, lamba ce,
ɗari biyu da sha huɗu.

Wata biyar lafiya lau.
Sannan ran Asabar a kasuwa, yana taya albasa,
mai gadin ya harbe shi daga ciki.
Ya zube kan buhu, ya tashi yana zagi,
wai alfadari ne ya shure shi a ƙirji.
Kafin la'asar an bugo waya daga asibiti.
Na yi ta kuka, su suna tambayar ƙarfe nawa.
An rubuta. Shi ma, wai, ilimi ne.

Yanzu akwai ɗan akwati kusa da gadonmu,
tsakar dare yana kai tsegumin zuciyarsa ga mutanen da ban sani ba.
Matar Evaristo ta rasu a bazara.
Ban tambaya ba ko zuciyar ce. Tsoron amsar nake.

Saura shekara biyu su buɗe lissafi,
a wani babban zaure, a wata ƙasa,
mijina ɗigo ɗaya a layin da ke hawa ko sauka.
Wata mace da ba a haifa ba tukuna
za ta tambayi likita, wanne ya fi,
a ba ta amsa.

Ni dai ƙarfen ya tare min wurin kwana.
Na matsa ƙasa da ɗan yatsa uku,
na sa kunne,
ina ƙirgawa har barci ya ci ni.